Ranar da Muka Kai Baba Na'iya Gida

"Ƙara mata murya, Abdulhamidu," in ji Baba Na'iya. "Kunnuwan ga sun riga ni tahiya."

Na murɗa rediyon da ke kan ƙirjinsa. Yana kwance a zauren gidan da ke jikin nawa a Tambuwal, inda yake zaune tun da aka tashe su daga Tungar Ƙirya, can bayan Kebbe. Ƙafafunsa sun kumbura, ya bar cin tuwo, sai kunun da 'yarsa Zahara'u ke ba shi da ludayi. Daga asibiti an sallamo shi, an ce a je gida a ci gaba da addu'a.

Mai karanta labarai ya sake faɗa: sojoji sun kashe shugaban 'yan ta'addan da ya addabi dajinmu. Ya ambaci sunansa ƙarara, kamar sunan mai sayar da goro. Mu nan ba mu faɗin sunan. Mai Daji muke cewa, shi ma sai mun waiga. Daga nan aka shiga jero masu murna. Gwamnati ta yaba wa sojoji. Jakadan wata ƙasar Turawa ya ce nasara ce ga duniya baki ɗaya. Wata ƙungiyar ƙasashe ta ce yanzu mutanen yankin za su koma gidajensu da gonakinsu hankali kwance.

"Ka jiya?" Baba Na'iya ya ɗaga yatsa. "Jakada da bakinai. Waɗanga ba su magana sai sun gani. Jirage gare su, suna kallon ƙasa kamar faifai."

"Baba, jakadan ga bai san inda Kebbe take ba."

"Kai da kas sani, mi kat tsinana mata?"

A waje samari na tsere da mashina suna ta oda. Wajen mai shayi gardama ta kaure, wasu na cewa ai wannan mutumin an sha kashe shi a rediyo yana tashi, wasu na miƙa waya hannu zuwa hannu ana kallon hoton gawar. Ni ban kalla ba. Abin da na sani shi ne duk lokacin da aka kashe babba a cikinsu, yaransa kan watsu da fushi, suna neman wanda ya kai rahoto da garin da ya yi murna.

"Kira min Sirajo," in ji tsohon.

Sirajo shi ne babban ɗana. Kabu-kabu yake yi, matarsa Kamila na da tsohon ciki. Ya shigo ya durƙusa yana goge bakin mai a hannunsa.

"Gobe ka kai ni gida," in ji Baba Na'iya. "Ba ni kai wata Juma'a, na sani. Kusa da uwar Zahara'u nika so a ruhe ni, ba nan cikin baƙi ba."

Sirajo bai ko dube ni ba ya ce, "To, Baba."

Na bi shi har ƙofar gidanmu, inda uwarsa Nana ke tsaye ta riga ta ji komai ta katanga.

"Malam, ka hana shi," ta ce. "Wallahi ka hana shi."

"Ba ka zuwa," na ce masa. "Ka bari a ga yadda dajin zai kwana biyu."

"Shi yana da kwana biyun?" Sirajo ya ja ƙafar wandonsa sama, ya nuna min ƙaurinsa. "Ƙahwag ga da nika tada mashin da ita, wa yaɗ ɗora ta? Da mota tab buge ni, asibiti cewa sunka yi a yanke. Shi yaz zamna kanta wata da watanni."

Gaskiya ne. Baba Na'iya maɗori ne, kuma ko goro bai yarda ya karɓa ba. Na dubi Nana, na dubi ɗakin Kamila da labulensa ke motsi.

"To da ni za a tahi," na ce. "Dole dai wani ya riƙe shi ta baya."

Zahara'u ta so ta bi mu, uban ya ce mata ta zauna, zai aiko a ɗauke ta idan ya share tsakar gida. Ta juya baya tana kuka ba sauti.

Hanyar nan tana da dokarta, kowane ɗan kabu-kabu ya sani. Ba ka binta da sutura mai kyau. Ba agogo, ba waya, ba sabon takalmi. Ka fito kamar wanda ko an kama shi ba mai nemansa. Da safe na sa tsohuwar rigar gonata, Sirajo ya sa wata mai ɓarakar kafaɗa, har ya shafa wa tankin mashin laka.

Sai ga Zahara'u ta tallabo ubanta cikin farar babbar riga mai aiki a ƙirji, da sabuwar hula, yana ƙamshin turare.

"Baba!" na ce. "Mine na wanga? Daga nesa za a hange mu. Za a ce alhaji munka ɗauko."

"Ba ni shiga garin ubana kamar ɗan gudun hijira."

"Ka sa ta in mun kai."

"In mun kai wa ka ganina? A bakin gari aka ganin mutum." Ya yi tari, ya huta. "Kuma an ce ya mutu. Duniya dut ta shaida. Kai kaɗai ne ba ka yarda ba, kai da tsoronka."

Mun yi, mun yi, ya ƙi. Aka zaunar da shi bayan Sirajo, Zahara'u ta kawo zanenta muka ɗaure shi a bayansa kamar goyo, ni na hau ƙarshe na riƙe shi ta ƙugu. Bai fi nauyin damin gero ba.

Mun bar Tambuwal ana ta raha. Wani ma ya ɗaga wa farar rigar hannu ya ce, "Allah shi maimaita, Baba!" Amma da muka doshi Kebbe sai murnar ta yi ta raguwa, har ta ƙare. Rabin shagunan garin a rufe suke. Ba oda, ba kiɗa. Mutane na zaune gindin bango suna magana ƙasa-ƙasa. Mai sayar da fetur a kwalba da ke bakin gari ya dube mu, ya dubi rigar, ya girgiza kai.

"Tun jiya ba wanda yah hito daga can," ya ce. "Ba wanda yas shiga. Malam, ɗanka na?"

"Ɗana na."

"Hmm," ya ce kawai, ya rufe tankin.

Daga nan hanya ta zama ta ƙafa. Damina ta yi kyau, dawa ta fi mutum tsawo dama da hagu, inda aka samu nomawa. Inda ba a noma ba ciyawa ta cinye. Baba Na'iya ya farfaɗo kamar an ba shi magani. Yana ta nuna wa Sirajo da haɓa: nan gonar wane ce, can ya taɓa ɗora wa wani bafillace hannu a gindin marke, wancan rafin ya ci masa jaki. Ni ba na saurare. Idona na kan karan dawa, kowane motsi sai na waiga. Bayan mun haye rafin ya yi shiru, ya kwantar da kai a kafaɗar Sirajo. Na ce gajiya ce, na gode wa Allah da ya bar surutu.

Ba mu yi nisa ba suka fito. Ba ihu, ba harbi. Kawai dawa ta buɗe, sai ga mutane da bindigogi tsaye a hanya. Sirajo ya taka birki ya kashe mashin. Yawancinsu ba su kai shi shekaru ba. Idanunsu jajur, kamar waɗanda ba su yi barci ba. Babbansu, mai tabo a gefen baki, ya zagaye mu a hankali, ya tsaya kan farar rigar.

"Biki aka yi?" ya ce. "Murna kunka taho yi?"

"A'a, ranka shi daɗe. Mara lafiya na. Gida muka kai shi."

"Mara lahiya da turare." Ya juya ga wani siririn yaro. "Kwance tsohon. Mashin da mai mashin su bi mu. Kai kuma dattijo ka koma ka gaya musu yadda murna take."

Ban san lokacin da na sauko na durƙusa ba. "Ku tahi da ni. Don Allah ku tahi da ni. Matatai na da ciki."

"Kai wa ka sonka?" in ji siririn, sauran suka yi dariya. Sirajo bai motsa ba. Hannayensa na kan kan mashin, yana kallon gabansa.

Mai tabon ya matsa kusa da Baba Na'iya. "Kai, alhaji. Magana nika yi da kai. Wa yab ba ka labarin hanya ta buɗe?"

Shiru.

Ya sa bakin bindiga ya ture hular. Ta faɗi ƙasa. Kan tsohon ya gangara daga kafaɗar Sirajo ya rataya gefe, baki a ɗan buɗe, ido rabi a rufe. Na miƙe na taɓa wuyansa. Na sa hannu cikin rigar na dafa ƙirjin. Ni da na riƙe shi duk tsawon hanyar nan, ban sani ba.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," na ce.

Wani daga bayansu ya maimaita, a hankali, kamar bakinsa ne ya kuɓuce masa. Siririn da ya riga ya kama ƙullin zanen ya sake shi, ya ja da baya yana goge hannu a wando.

Mai tabon ya daɗe yana kallon fuskar. Sannan ya dube ni.

"Namu mamacin, kun ganai cikin waya?"

"Ban da waya, ranka shi daɗe."

"Kwance bayan mota, ana ɗaukar hoto. Ko wanka bai samu ba." Ya tofar da yawu gefe. "Har Turawa na murna."

Ina jin ƙarar ƙudaje.

"Oga, mashin hwa?" in ji siririn.

"Kai ka kwance gawa daga bayan mutum? Zo kwance."

Yaron bai zo ba. Mai tabon ya duƙa ya ɗauki hular, ya kaɗe ta a cinyarsa, ya miƙo min.

"Ku ruhe shi ku hita. In rana ta hwaɗi kuna cikin dajin ga, ba ruwana."

Suka koma cikin dawa yadda suka fito. Sai da Sirajo ya buga mashin ya ƙi tashi, ya sake bugawa, kafin ya kama. Na gyara kan Baba Na'iya a kafaɗarsa, na rufe masa ido, na riƙe haɓarsa da hannu ɗaya. Haka muka shiga Tungar Ƙirya, shi zaune tsakaninmu cikin farar rigarsa.

Tsofaffi 'yan kaɗan muka tarar, waɗanda suka ƙi tashi. Suka fito daga inuwar masallaci suna dogara sanda. Ɗayansu ya leƙa fuskar ya ce, "Na'iya na. Ya dawo." Ba a tsaya dogon kuka ba. Aka ɗebo ruwa a rijiya aka yi masa wanka. Babu likkafani a garin, sai aka farke babbar rigar, aka yanke wajen aikin aka ajiye, sauran ya ishe shi. Sirajo ya karɓi gatari da shebur ya shiga gina kusa da kabarin uwar Zahara'u, yana gina kamar ana korarsa.

Muna jira wani tsoho mai ido ɗaya ya matso kusa da ni. An daɗe da karɓe musu rediyo.

"Wai gaskiya na an kashe mutumen?"

"Haka anka ce. Har jakadun ƙasashen waje sun yi barka."

Ya jinjina kai. "To madalla. Sun ce yaushe za su zaka?"

Muka yi masa salla, sahu ɗaya bai cika ba. Sirajo ne ya shiga ramin ya karɓe shi. Da muka gama tsofaffin suka ce kada mu tsaya ko shan ruwa. Na naɗe zanen Zahara'u da hular na cusa cikin rigata.

A inda aka tare mu ba kowa, sai karan dawa da aka tattake. Sirajo bai rage gudu ba, ni kuma ban bar karanta duk abin da na iya ba, har muka hango rufin kwanon Kebbe rana ta yi ja. Sai a nan ya yi magana, bai waigo ba.

"Baba, tun rafin can na ji ya saki. Numfashinai ya bar taɓa min wuya."

"Mi yah hana ka hwaɗi?"

"Da ka ce mu koma."

Muka wuce mai fetur, ya miƙe tsaye yana kallonmu, ya ɗaga hannu biyu sama. Sai a lokacin na lura har yanzu ina zaune can ƙarshen mashin, kan ƙarfe, na bar wurin mutum ɗaya tsakanina da ɗana. Iska na shiga ta wurin. Na matsa gaba a hankali har ƙirjina ya taɓa bayansa. Rigarsa ta jiƙe da gumi, akwai jar ƙasa a bayan kunnensa. Na zagaya hannuwana na riƙe shi, muka ci gaba da tafiya, ana kiran magariba a wani ƙauye gefen hanya.