Shiru a Bayan Sarƙaƙiya

Bayan tsohuwar masana'antar bulo akwai wata doguwar sarƙaƙiya da ta haɗiye shingen waya gaba ɗaya. Duk shekara in zafi ya kankama sai ta yi 'ya'ya baƙi ƙirin, masu zaƙi da ɗan tsami, masu rina yatsu. Tun suna da sauran ƙarfi Inna da mijinta Direba ke zuwa tsinka, kuma tsarinsu bai taɓa canzawa ba: ita gefen inuwa, shi gefen rana, ƙaya a tsakaninsu, ba mai ganin wani. Hira ce ke riƙe su har su haɗu a can ƙarshe.

Bana kam babu hira. Likita ya ce zuciyar Direba ta gaji, ya hana shi shiga rana. Shi kuwa mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan sitiyarin babbar mota, ba ya son a nuna masa hanya. Da ya ɗauko bokitinsa da safe Inna ta tare ƙofa, ya raɓa ta ya wuce. Ita ma ba kanwar lasa ba ce.

"To ka je," ta ce. "Amma in ka faɗi, kada ka kira ni."

Ta faɗa, ta kuma biyo shi da nata bokitin, kwalbar maganinsa na aljihunta, don ta san da ana cire kai da tuni ya manta nasa a gida. Har suka iso ba wanda ya ce wa wani uffan.

Bokitin Direba na ƙarfe ne. Duk wadda ya tsinko ya jefa ciki sai ta ce ƙwal, kuma da wannan ƙarar Inna ke bin sa. Ƙwal, ta matsa gaba. Ƙwal, ta ja tsaki a ranta ta ce ga shi nan, mai taurin kai. Can ƙarar ta fara dusashewa, daga nan ta ɗauke.

Ba abin mamaki ba ne. In 'ya'yan suka rufe gindin bokiti, ai dole ya yi shiru, haka yake yi kowace shekara. Sai dai kowace shekara akwai muryarsa, yana ba ta labarin wata tayar da ta fashe masa tun kafin a haifi 'yarsu ta fari. Yau babu komai sai kukan ƙudan zuma da zafin da ke tasowa daga ƙasa.

Ta yi tari da gangan. Shiru. Ta kama reshe ta girgiza kamar mai neman nunannu. Shiru. Ta so ta kira shi, amma ta fasa. In ta kira shi ya amsa lafiya lau, ta san sauran: zai yi ta ba jikoki labari har su gaji, wai ga wadda ta ce kada a kira ta. Ta ɗauki ɗaya mai ƙwari daga bokitinta ta cilla ta saman sarƙaƙiyar. Da yana tsaye da ya ce, "Wace ce wannan mai ɓarna?" Bai ce ba.

Sai ta durƙusa, gwiwoyinta na ƙara, ta leƙa ta ƙasan rassan. Ta hango bokitin a kwance, 'ya'yan sun watse cikin ciyawa. Kusa da shi ga takalmi ɗaya, da ƙafa a ciki, ba ta motsi.

"Baban yara!"

Muryar da ta fito ba ta gane ta ba. Ta dubi dama, ta dubi hagu. Suna tsakiya ne, ko ta ina ta zagaya tafiya ce, ita kuma rabonta da gudu har ta manta. Ta cire mayafinta ta naɗe hannuwa, ta nemi inda wayar shingen ta tsinke, ta sunkuyar da kai ta kutsa. Ƙaya ta kama rigarta, ta kama gashinta, ta tsaga mata kunci. Ta ji zafin, ta ci gaba da turawa tana kiran sunan Allah, har ta faɗo ɗaya gefen da tafukan hannu.

Yana zaune ya jingina da turken shinge, hannu dafe da ƙirji, zufa ta jiƙe shi sharkaf, leɓunansa sun yi fari. Idonsa a buɗe yake, kuma ita yake kallo.

Murfin kwalbar ya ƙi buɗuwa. Ta sa haƙori. Ta tura masa ƙwaya ɗaya ƙarƙashin harshe yadda likita ya nuna, ta ɓalle masa maɓallan riga, ta durƙusa tsakaninsa da rana.

"Kana ji na ina tari kamar akuya," ta ce, hawaye na bin jinin kuncinta. "Me ya hana ka yi magana?"

Da ƙyar ya haɗa numfashi. "Ke kika ce."

"Yau ka fara jin maganata? Duk tsawon zamanmu, sai wannan ka ga dama ka ɗauka?"

Ya so ya yi murmushi, ciwon ya hana shi. Numfashin bai daidaita ba. Ta laluba aljihunsa, babu waya, tata kuma tana kan tebur a gida, inda fushi ya sa ta bar ta. Titi na can bayan masana'antar. Dole a samo mota, dole a samo ta yanzu.

"Ka zauna nan, bari in kira mutane."

Ta yunƙura za ta miƙe, sai ya kama wuyan hannunta. Riƙon ba ƙarfi, ko yaro zai fizge.

"Kada ki tafi," ya ce. "Tsoro nake ji."

Mutumin da ya kwana cikin daji da lalatacciyar mota, ya binne iyayensa idonsa a bushe, ba ta taɓa jin wannan kalma a bakinsa ba. Ita ce ta fi ba ta tsoro fiye da farin leɓunan. In ta tafi, wataƙila ta dawo da mota ta tarar ya cika shi kaɗai. In ta zauna, wataƙila ta zauna ne ta kalla.

Ta koma ta durƙusa, ta jawo kansa ta ɗora a kafaɗarta. Sannan ta juya fuskarta wajen masana'antar, ta cika ƙirjinta da iska, ta ƙwalla ihu. Ta sake, ta kuma sakewa, har maƙogwaronta ya fara ɗaci. Can nesa kare ya yi haushi, ƙofar ƙarfe ta yi ƙara, muryar maigadin masana'antar ta ce, "Waye a nan?"

"Nan! Bayan ƙaya! Ka kawo mota!"

Ta sunkuyo ta sa bakinta daidai kunnensa.

"Ni ma tsoron nake ji," ta ce. "Riƙe ni da kyau."

Yatsun da ke wuyan hannunta suka ɗan ƙara matsewa.