Tabon Dutsen Guga Daga Caina

Dinatu irin matan nan ce da idan suka ce za a yi abu, gara kowa ya miƙe a yi shi a huta. Ita ce shugabar Zumuntar Mata a cocinsu na Samaru, kuma a shekarar 2007 zumuntar za ta cika shekara hamsin. Sai ta tashi a taron ranar Talata ta yanke magana: ba za a ƙago sabon anko ba, na farkon nan za a maimaita, wanda iyayensu suka ɗaura ranar da aka kafa zumuntar, shuɗi mai hoton fitila.

Aka yi tafi. Da aka zo neman samfuri kuwa, sai aka tarar falle ɗaya tak ya rage a duk garin, kuma yana ƙasan akwatin Dinatu. Na mahaifiyarta ne, marigayiya Tabitha, wadda ko hoto ba ta bari ba. Zanen nan shi kaɗai ne abin da Dinatu take taɓawa idan kewar uwarta ta taso mata. A gefensa akwai ƙunar dutsen guga na gawayi, ruwan ƙasa, da tsininsa da komai. Tun tana ƙarama take tambayar dalilin ƙunar, uwar sai ta yi dariya ta ce, "Aikin gaggawa ne," ta tura tabon ciki ta ɗaure zaninta.

To a ina za a buga? A zamanin su Tabitha audugar Zariya ake lodawa a jirgin ƙasa, ta sauka Ikko, ta haye teku zuwa Ingila, ta dawo atamfa tana yi wa manomanta yanga. Daga baya masaƙun Kaduna suka karɓi aikin, har mijin Dinatu, Gregory, ya yi shekara ashirin a ɗayansu. Yanzu an garƙame masaƙar, shi kuma yana can Bomo yana fama da kaji. Saura Caina ke nan. Da ta ambaci sunan a gida, Gregory ya yi tsaki ya tafi duba kajinsa.

Ta hau motar Sabon Gari ta nufi shagon Ejiofor, wanda yake zuwa birnin Gwanzu na Caina sau biyu a shekara sarin kaya. Haifaffen unguwar Muchia ne, katanga ɗaya ta raba gidansu da gidan da Dinatu ta tashi, Hausa kuwa a bakinsa sai dai ya koya wa wani.

"Yaya Dinatu, hoto ba zai yi ba," ya ce. "Mutanen nan sai sun riƙe abu a hannunsu."

Ta daɗe tana kallon ƙunshin da ke cinyarta kafin ta miƙa. "Sharaɗi biyu, Ejiofor. Na ɗaya, yadda yake haka nake so. Kada su ƙara, kada su rage, kada wani ya nuna mini wayo. Na biyu, zanen mamata ya dawo."

"An gama, Yaya."

"Maimaita na ji."

Ya maimaita. Ta sa ya rubuta da Turanci, ya ja layi biyu a ƙarƙashin "yadda yake". Shi ma da ya isa can, haka ya tasa tafinta a gaba yana nanatawa har sai da bawan Allah ya gaji da gyaɗa kai.

Wata uku Dinatu tana sintiri tsakanin Samaru da Sabon Gari. Direbobin layin sun haddace ta, suna hango ta za su ce, "Mama, jirgin ruwan ya iso kuwa?" Ita ba ankon ne yake hana ta sukuni ba. Gurbin zanen ne, wanda take gani duk sanda ta buɗe akwati.

Saura mako guda biki kaya suka sauka. Ta iske Ejiofor a bakin shago yana ta gaisuwa mai tsawo, har da tambayar kajin Gregory ɗaya bayan ɗaya. A lungun shagon mahaifiyarsa, Mama Clementina, tana zaune tana ɓarar gyaɗa.

Aka yanke dila. Shuɗin ya fito raɗau, fitilar kamar ka kunna. Dinatu ta ware turmi ɗaya tana murmushi, sai murmushin ya tsaya. A gefen zanen ga ƙunar dutsen guga nan zaune daram. Ta ƙara warewa, ga wata. Ta fizgo wani turmin, ga ta nan. Kowane falle da tabonsa, har ɗan baƙin da ke bakin tsinin ba su manta ba.

"Yaya, ke kika ce yadda yake," Ejiofor ya ce a hankali. "Injiniyansu kwana biyu ya yi yana haɗa launin ƙunar nan. Har alfahari yake yi da ita."

Dariya ta kusa kufce mata, ta danne. "To, na ji. Ba ni zanen mamata."

Nan fa Ejiofor ya shiga sosa ƙeya. Ashe don su dace da launin, yayyanka zanen suka yi ƙanana ƙanana suka rarraba wa masu haɗa rini. Kafin ya koma karɓa an share masaƙar, an kwashe shara. Ya yi faɗa, ya yi magiya, har kwandunan shara ya bi da hannunsa, ko zare bai samu ba.

Dinatu ba ta yi masifa ba, abin da ya fi tsorata shi ke nan. Ta zauna a kan dilar, ta ji kamar yau aka yi mata rasuwar.

Sai Mama Clementina ta ajiye gyaɗarta ta ce, "Miƙo mini tsumman nan na gani." Ta kai shi dab da idonta, ta shafa tabon da yatsa. "Wannan ai gugar Tabitha ce."

"Kin san ta, Mama?"

"Ni kuwa na san ta, 'yata. Ranar Lahadi ce da safe, tana guga za ta tafi coci. Naƙuda ta kama ni, babansu yana Kafancan wajen aikin jirgi, ba kowa a gidan. Ihu ɗaya na yi, sai ga uwarki ta kan katanga, ko ta ƙofa ba ta tsaya bi ba. Ita ta karɓi haihuwar. Sai da muka ji ƙauri ta tuna ta bar dutse a kan zani." Ta nuna Ejiofor da haɓa. "Ga abin da aka haifa nan, mai ƙaton kai. Sau biyu ke nan yana lalata zanen nan."

Dinatu ta fashe da dariya, hawaye na zuba, ta rasa wanne za ta fara sharewa.

Ranar Talata ta kai kayan taro. Sakatariya Elizabeth ta ɗaga falle ɗaya ta ce mutanen Caina akwai kirki, har guga suka haɗa musu kyauta. Aka sha dariya, aka kuma yarda cewa abin mai sauƙi ne, kowa ta tura tabon ciki ta ɗaure. Dinatu ta ce ta amince, amma su ji labarin tukuna. Ta ba su shi yadda ta ji, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba.

Ranar biki ita dai ta ɗaura nata da tabon a waje. Tana gaban layi, aka buga tulun kiɗa, aka ɗauki waƙa. A ƙofar coci ta waiwaya don ta ga ko layi ya miƙe, sai ta ga mata ɗari da tamanin suna tafe suna rangaji, kowacce da ƙunar dutsen guga a kwankwasonta, a fili. Can baya wasu tsofaffi sun tare Ejiofor suna nuna shi ga baƙi: "Ga wanda ya ƙona mana zani."

Har yanzu tana jin zafin rashin zanen, ba ta ɓoye wa kanta ba. Amma ta ɗora tafin hannunta a kan tabon kamar yadda take yi tana ƙarama, ta ce a hankali, "Mama, yau kam ba mai tura shi ciki." Sannan ta juya ta ja layin suka shiga.