Bayan Halliru Babu Kowa

Shekarar da agana ta shiga garin, ita ce shekarar da Bature ya ce a zaɓi wakili. Garin ƙarami ne, yamma da Maikujera, kuma zaɓen wancan lokaci ba na akwati ba ne. Mai neman kujera zai tsaya a fili, masu sonsa su jeru a bayansa, malami ya zo daga Rabah ya ƙirga kawuna. Na maza kaɗai ake ƙirgawa.

Halliru mijin Khadijatu ya ce zai tsaya. Manomin albasa ne, bai gaji sarauta ba. Abu ɗaya yake nema, ya shiga majalisa ya faɗa da bakinsa a turo masu lamba su yi wa yara rigakafi kafin ciwon ya gama da su. Mai gari kuwa ya hana a kai labari gaba, don in hukuma ta ji za ta rufe kasuwa. Sai ya tsai da ƙanensa Isa, mai cewa babu wata agana, ƙurajen zafi ne kawai.

Maza sun fi arba'in da suka yi wa Halliru alkawari a zaurensa. Khadijatu ce ta tuƙa tuwon da suka ci suna rantsuwa.

Saura kwana tara zaɓe, 'yarsu Sabuwa ta kwanta. Shekararta shida. Aka kai ta bukkar kara a bayan gari, yadda ake yi wa mai ciwon. Khadijatu ta bi ta, don ita ta yi agana tun tana yarinya, tabon na nan a fuskarta. Halliru bai taɓa shiga bukkar ba, ita ta hana shi. Yakan ajiye tulun ruwa a gindin aduwa, ya ja da baya ya tsaya yana jin kukan 'yarsa. Kwana shida Sabuwa ta rasu. Khadijatu ta wanke ta ita kaɗai.

Ba a yi sadakar uku ba mutanen Isa suka fara bin gidaje. Cewa suke, duk wanda ya tsaya bayan Halliru, iskar da ta bugi rigarsa ita zai shaƙa ya kai wa iyalinsa.

Ranar zaɓe da hantsi Khadijatu ta leƙa ta kan danga. Layin Isa ya kai har rumfunan mahauta, ƙirjin wani a bayan wani, ana tari ana zufa. Bayan Halliru tsofaffi biyu ne, su ma masu tabo a fuska. Can tsakiyar layin Isa ta hango yayanta Lawwali, uwa ɗaya uba ɗaya, ya sunkuyar da kai.

Ta ja mayafi ta fita. Layin ya dare mata tun kafin ta iso.

"Yaya Lawwali, mi kaka yi nan?"

"Koma gida, Khadija. Wanga wuri na maza ne."

"Na gan su. Su sunka ci tuwona."

"Ki ji tsoron Allah, ɗiya huɗu gare ni."

"Don su ne Halliru ya tsaya, Yaya. Tamu ta riga ta tahi."

Lawwali bai ɗaga kai ba. Ta juya wajen Isa.

"Kai kuma ɗan sarki, shekaranjiya kun ce babu agana garin ga. Yau kun ce tana cikin rigar Halliru. Wace za mu ɗauka?"

Isa ya gyara rawani ya yi murmushi. "Halliru, maza sun ƙare ne ka kirawo uwargida?"

Wasu suka yi dariya. Halliru ya ce a hankali, "Khadija, ya isa."

"Bai isa ba," ta ce. Ta je ta tsaya a bayansa, dab da shi, har ta kama gefen rigar.

Malamin ƙirga ya gama da layin Isa, yana dafa kafaɗar kowa. Da ya zo nasu sai ya tsaya daga nesa, ya toshe hanci da hannun riga, ya nuna da alƙalami.

"Biyu."

"Uku, Malam."

"Ba a ƙirga mata, Inna."

"Ran da anka rasa mai wanke gawa, an san inda nike."

Malam ya rubuta biyu.

Isa ya hau doki ya tafi majalisa, ya ce garinsu lafiya lau. Kasuwa ta ci gaba da ci. Masu lamba ba su zo ba sai bayan an yi shuka, su ma wani gari za su, suka ga bukkoki a bakin hanya suka tsaya tambaya. Lokacin bukkokin sun kai goma sha ɗaya.

Biyu daga cikin 'ya'yan Lawwali sun kwanta a can. Khadijatu ce ta ba su kunu, ta kore musu ƙuda da mafici, ta goya ɗaya ta mayar wa uwarsa, ta wanke ɗaya. Bayan haka Lawwali yakan zo ƙofar gidanta duk Jumma'a ya yi sallama. Takan aika masa da ruwa a ƙwarya. Amma har ya bar duniya ba ta sake kiransa Yaya ba.