Sharuɗɗan Malam Namadi

Shekara huɗu injin niƙan Malam Namadi ya yi a zauren gidansa da ke Tambuwal, lulluɓe da tamfol. Ya saye shi a watan da ya yi ritaya daga aikin akawu, da niyyar kafa shi a bakin kasuwar Kebbe, inda ya taɓa zaman aiki ya ga yadda mata suke yini a layi da ƙoren dawa. Niyyar ba ta taɓa raunana ba. Abin da ya rage shi ne shiri, kuma mutumin da ya shekara talatin da biyar yana rubuta "a jira ƙarin bayani" a gefen takardun jama'a ba ya ɗaukar shiri da wasa. Ya buɗe wa injin fayil, ya jera sharuɗɗan da ya wajaba a cika kafin a tayar da shi. Duk wanda ya cika sai ya haifi biyu, har suka kai arba'in da ɗaya.

Yana da taubashi, Ɗangiwa ɗan kawunsa, dillalin albasa. Al'ada ta ba Ɗangiwa izinin faɗa masa abin da ya ga dama, ta kuma hana Namadi yin fushi. Ranar sunan jikan Namadi, zaure cike da baƙi, Ɗangiwa ya ɗaga tamfol ya tarar da kaza kwance a mazubin hatsi.

"Jama'a ku taho ku gani," in ji shi, "masana'antar bawana ta fara aiki. An zuba shekara fuɗu, ƙwai shidda sun fito."

Kowa ya yi dariya, har liman. Namadi ma ya yi tasa, gwargwadon wajibi.

"Ka san shagon Hajiya Atu da kaka ta aunawa da igiya?" Ɗangiwa ya ci gaba. "Ta ce ta gaji da jiranka, wanda duk ya riga kai inji shi ad da shago. Bayan kaka ni ka kai nawa. In ka yi ladabi, sai in ɗauke ka magatakarda."

Shagon shi ne kaɗai wuri mai kyau a layin bakin kasuwar Kebbe, kuma Namadi ya san Ɗangiwa zai aikata, domin mutum ne da ke sayen mota guda ta albasa bayan ya sunsuna ƙwara ɗaya. Kwana uku yana nazarin ramuwa. Ƙara ba ta yiwuwa, gaba kuma abin kunya ce tsakanin taubasai. A rana ta huɗu ya sa babbar riga, ya ɗauki fayil ɗin, ya sami Ɗangiwa a rumfarsa.

"Ubangidana, na sallama," in ji shi. "Ga wahalar shekara fuɗu nan, kada ta tafi banza. Ka dai duba sharaɗi na tara."

Ɗangiwa ya karɓa yana murmushin nasara. Sharaɗi na tara ya shafi inda hayaƙin inji zai dosa, da abin da mai tuwon da ke maƙwabtaka za ta ce idan ya dosa tukunyarta. Bai taɓa tunanin haka ba. Bai taɓa jin tsoron wata sana'a ba, saboda ba a taɓa jera masa abubuwan tsoro da lamba ba.

Daga ranar Namadi ya zama mai ba shi shawara, kyauta. Duk lokacin da Ɗangiwa ya ce gobe zai tafi Sakkwato sayen inji, sai Namadi ya gyaɗa kai ya ce madalla, sa'an nan ya yi tambaya ɗaya. Idan bel ya tsinke ranar kasuwa, a ina za a sami wani? Wa zai wasa haƙoran injin, kuma an binciki halinsa? Da damina, idan hanya ta lalace, ta yaya mai zai isa? Bai taɓa yi masa ƙarya ba, kuma da wannan yake alfahari. Kowace tambaya gaskiya ce, kowacce kuma tana cin mako guda. Kafin a gama yankan gero, Ɗangiwa ya sayi tabarau da jan biro, ya ƙara sharuɗɗa bakwai na kansa.

Shi kuwa Namadi, tun da fayil ya bar gidansa, ya rasa abin dubawa da safe. Sai ya zauna ya dubi injin, ya tuna dariyar liman. Wata Talata bayan sallar asuba ya kori kazar da hannunsa, ya kira Usumanu bakanike, suka ɗora injin a motar a-kori-kura. Hanyar Kebbe ta girgiza su yadda ta saba. Hajiya Atu ta miƙa masa mabuɗi tana cewa ta ɗauka sai magadansa za su zo karɓa.

"Malam, ina za mu sa bakin hayaƙi?" Usumanu ya tambaya.

"Inda ya shiga."

Hayaƙin ya dosa tukunyar mai tuwo. Ta yi faɗa na rabin sa'a, aka ƙara bututu, magana ta ƙare. Bel ya tsinke a rana ta biyu, Usumanu ya ɗinke shi da waya. Namadi ya lura, da ɗan baƙin ciki, cewa kowace masifar da ya hango ta zo, kuma babu wadda ta kai azahar.

Ranar kasuwa Ɗangiwa ya iso a kan babur, fayil a hammata, igiyar awo a aljihu, domin ya tabbatar da faɗin ƙofa. Ƙarar inji ce ta tare shi tun daga bakin layi. Ya ratsa matan da ke jira, ya tarar da taubashinsa fari fat da gari daga hula har gira. Namadi ya gan shi, amma sai da ya gama niƙan da ke ciki, ya karkaɗe buhu, sa'an nan ya rage wuta.

"Sannu da zuwa, ubangidana. Niƙa ka kawo?"

Ɗangiwa ya dubi daɓen da bai gama bushewa ba, da bel mai ɗinki. Ya buɗe fayil yana laluben shafi.

"Bawan banza, ko rabin sharuɗɗan ba ka cika ba. Ina na sha bakwai? Ina na ashirin da ukku?"

"Wallahi ban tuna su ba. Takardun na hannunka, mi zan duba?"

Matan da ke layi suka fara dariya, wata tsohuwa ta ce wa Ɗangiwa in ba niƙa ya kawo ba ya kauce. Al'ada ta hana shi yin fushi, don haka ya yi tasa dariyar, haƙora a cije. Namadi ya dube shi har ya ƙoshi, sa'an nan ya karɓi ƙwaryar tsohuwar ya ƙara wa injin wuta.