Gashin Ƙafar 'Yan Tsakin Shu'aibu

Kyauta ta sayi 'yan tsaki wajen Shu'aibu a kasuwar Madarunfa don ta samu iri. Ya rantse mata Barahama ne, manyan kajin nan masu gashi har ƙafa. Da ruwan farko ya jiƙa su, gashin ƙafar ya zube. Ashe da ƙaro ya manna shi, kajin gida ne zalla.

Ta bari sai ranar kasuwa, da mutanen ƙauyen Safo suka yanyame kwandonsa. Ta dire ƙwaryar ruwan ɗumi, ta cafko ɗan tsako ɗaya daga kwandon ta tsoma ƙafarsa. Gashi ya taso saman ruwa.

"Miƙo na gaba, Malam Shu'aibu," in ji ta. "Yau duk sai na wanke musu ƙafa."