Goyon Ayishetu

A Zangon Ankara ta bakin teku, 'yan shekaru bayan Turawa sun yi shela cewa babu sauran bauta a ƙasar da ke hannunsu, akwai wata tsohuwa mai koko, Inna Ƙaltume. Ita kaɗai ce Kirista a duk zangon. Ran Lahadi takan kife tukunya ta taka har unguwar Osu wajen 'yan mishan, samari suna tsokanarta a hanya, "Inna, a gaida mana Turawa!" Ta ce, "Za su ji, marasa kunya. Gobe kuma ku zo neman gyara." Ba wanda ya ƙi ta. Kokonta da kauri, bakinta da kaifi, kuma an saba da duka biyun.

A da baiwa ce. An kamo ta daga ƙauyensu can arewa da ɗa a bayanta, aka raba su a kasuwar Salga, aka yi ta sayar da ita hannu zuwa hannu har bakin teku. Da ciwo ya kwantar da ita, ubangidanta ya yar da ita, 'yan mishan suka ɗauka suka yi jinya. A wurinsu ta karɓi Yesu. Ɗan nan kuwa, har ta yi furfura ba ta ƙara jin labarinsa ba.

Ɗakin da take kwana a gidan Saje Jibirilu yake, tsohon soja da ya ajiye bindiga ya kama fatauci, yana tura gishiri da tufafi Salga. To ga abin haushi da mutumin nan: shi kansa gudu ya yi daga hannun ubangidansa ya shiga soja, tabon marin ƙarfe yana nan a ƙafarsa ga duk mai ido. Amma yana samun abin hannu sai ya shiga sayen mutane. Da yake doka ta hana, in baƙo ya tambaya sai ya ce, "Ai 'ya'yana ne." Kai, ɗan Adam!

Cikin 'ya'yan nan nasa akwai Ayishetu, yarinya mai shiru-shiru, da ɗanta Mas'udu wanda ya kusa yaye. Uban yaron bawan gidan ne, ya gudu tun tana da ciki. Ita ke taya Ƙaltume niƙa da tata, yaron yana rarrafe tsakaninsu yana tsoma hannu a gasara.

Wata safiya Ayishetu ta zo niƙa, ta durƙusa gaban dutse, hannunta bai motsa ba.

"Ke, lafiya? Ko dutsen ne zai niƙa kansa?"

"Inna, Maigida zai tura ni Salga. Da ayarin da zai tashi bayan Juma'a. Ya ce bayi a bakin teku asara ne, kullum gudu suke. Za a musanya ni da shanu."

"Yaron fa?"

"Da shi."

Ƙaltume ta ajiye ludayi. Ta san Salga. Ta san yadda dillali ke duba haƙoran uwa a wannan rumfa, wani yana ɗaga ɗan yana jin nauyinsa a waccan. Ta je ta sami limamin zango, shi ma ya yi iyakarsa, ya kira Saje ya ce masa ya ji tsoron Allah, raba uwa da ɗa ba abin wasa ba ne. Saje ya ce, "To, Malam," ya koma ya ci gaba da ɗaure gishirinsa.

Sai Ƙaltume ta dawo kan yarinyar. "Saurara, 'yata. A dokar nan, yaron nan ɗa ne, ba bawa ba, don a nan aka haife shi. Ke ma in kika tsaya gaban joji kika ce da bakinki ke baiwa ce kuma ba kya so, shi ke nan, kin fita. Amma sai da bakinki, ba mai faɗa miki. In kuwa kuka haye babban kogi, babu joji, babu doka."

"Ina jojin yake?"

"A gidan dutsen nan na bakin ruwa."

Ayishetu ta fizgi ɗanta ta rungume. Duk wanda aka kamo daga arewa ya san labarin gidan nan tun bai ga teku ba. An gaya musu a hanya cewa wanda ya shiga ba ya fitowa, ta ƙofar baya ake zuba su a jirgi, Turawa su cinye, jan ƙyallen da suke sayarwa ma da jinin mutane ake rina shi. Kada ka yi mata dariya. Ƙaltume kanta ta yi shekaru tana kewaye gidan nan ta wata hanya.

"Ƙarya ce masu sayar da mu suka shirya, don kada mu nufi wajen," in ji Ƙaltume. "Ji nan. Kin san Banu Isra'ila a hannun Fir'auna, ai su Malam ma suna ba da labarin. Shekara da shekaru suna kwaɓa laka, bulala a bayansu, suna kuka kamar ba mai ji. Ashe Allah yana ji. Da ya tashi fitar da su, ina ya nufa da su? Bakin teku. Ruwa a gaba, mayaƙa a baya. Bai ɗauke su ta sama ba, sai da suka sa ƙafa, sannan hanya ta buɗe. Mu abin da aka koya mana ke nan: Allah yana ganin wanda aka danne, Yesu kansa an sayar da shi, an ɗaure shi, an yi masa bulala, ya san zafinta. Ba zai bar ki ba."

Ayishetu ta ce, "Inna, kada ki ji haushi. Ranar da aka ƙwace naki a Salga, ba ki kira Allah ba?"

"Na kira har muryata ta dishe."

"To ina yake?"

Maganar ta soki Ƙaltume, ta ji zafinta har cikin ƙashi. Tana da amsoshin da ta ji a coci, masu kyau kuwa, amma ba ta ga wadda za ta iya miƙa wa yarinyar nan ba.

"Ban sani ba," ta ce. "Kullum sai na tambaye shi. Bai gaya mini ba, ni kuma ban daina tambaya ba. Abin da na sani, an yar da ni a bakin hanya ƙudaje suna bina, ga ni yau ina yi miki faɗa. Wanda ya yi wannan bai manta da ɗana ba, ko ina yake. Tashi mu je."

Ba ranar suka je ba, sai da aka yi ta lallashi. Ran Alhamis da hantsi, Saje yana kasuwa, suka fita kamar masu zuwa ɗiban ruwa. Tun daga nesa Ayishetu ta fara jan ƙafa. A ƙofar gidan dutsen ta tsaya cak, Ƙaltume ta kama hannunta ta ja, tana addu'a a fili ba ta damu da masu kallo ba.

Joji Bature ne, zufa ta jiƙa masa wuya. Ya saurari Ƙaltume ta bakin tafinta, ya aika a kira Saje Jibirilu. Saje ya zo sanye da tsohuwar rigarsa ta soja, ya ƙame ya sara, 'yan sandan ƙofa kuwa duk yaransa ne na da, har suna gyara tsayuwa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce yarinya 'yarsa ce, marainiya ya ɗauko yana riƙo, tsohuwar nan ce ke hure mata kunne.

Tafinta ya juyo. "Joji ya ce ki faɗa da bakinki. Mutumin nan, ubangidanki ne ko ubanki?"

Ta tagar da ke bayan joji ana hango teku, ga wani jirgi tsaye can, ƙananan kwale-kwale suna kai masa kaya. Ayishetu ta kalli jirgin, ta kalli jar fuskar Baturen, ta kalli Saje. Mas'udu ya motsa a bayanta. Ƙaltume tana ta cewa a zuci, ya Ubangiji, buɗe mata baki, yanzu, yanzu.

"Ubana ne," in ji Ayishetu.

Aka maimaita tambayar, ta maimaita amsar. Joji ya ɗaga kafaɗa ya kira shari'a ta gaba.

Saje bai zagi Ƙaltume ba, da ma zagin ya yi da ya fi sauƙi. A ƙofar gida ya ce, "Inna, ranar da ayari zai tashi ina son ɗakina." Da yamma ta ji ƙarar bulala daga cikin gida, ta ji yarinyar tana haɗiye kuka. Washegari kokonta ya huce a tukunya, don matan zango sun ce ta kai ɗan unguwa gaban Nasara, abin da ba a yi. Matar liman kaɗai ta aiko da kwano.

Ƙaltume ta zauna gaban murhu da rana tsaka ta yi wa Allah magana yadda take yi wa kowa. "To, ka gani? Na ce mata ba za ka bar ta ba. Da sunanka na yi alkawari. Ta sa ƙafa, ina hanyar? Na ƙara mata bulala, na rasa ɗaki, yaro kuma zai tafi Salga. Ni tsohuwa ce, na saba da shirunka, amma ita fa?" Ta yi kuka sosai, na baƙin ciki da na kunya. Da ta gaji ta share ido ta ce, "Duk da haka ba ni da wani sai kai. Yaron nan yana hannunka, ni nawa ya kasa."

Ranar tafiya, rana na fitowa ƙofar gidan ta cika da 'yan alaro masu dakon kaya da buhunan gishiri, Saje yana tsaye a zaure yana ba da umarni. Ƙaltume tana haɗa 'yan komatsanta a babban kwando, za ta Osu ta roƙi wurin kwana, sai ga Ayishetu, fuska a kumbure.

"Inna, kawo in ɗaure miki. Je ki yi sallama da matar liman."

"'Yata, ki yafe mini."

"Je ki, Inna, rana tana yi."

Da ta dawo, kwando a shirye yake a bakin ɗaki, an lulluɓe shi da zane an ɗaure. Ayishetu tana tsaye da goyonta, ta rufa masa mayafi har kai saboda rana, yadda mata ke yi in za a yi doguwar tafiya. Ta naɗa wa tsohuwar gammo, ta sunkuya ta kama kwandon, suka ɗaga tare.

Nauyin ya ba Ƙaltume mamaki. 'Yan ƙore da tsummoki ne fa ta zuba. Ta buɗe baki za ta yi magana, Ayishetu ta matse mata hannu da ƙarfi.

"Kada ki sauke sai kin fita gari. Ya ƙoshi, zai daɗe yana barci."

Ƙaltume ta dubi goyon da ke bayan yarinyar. Ga tudun kai, ga tudun baya, amma babu 'yan ƙafafu a gefen kwankwasonta. Ƙorenta ne da tsummokinta aka goya. A daidai nan abin da ke cikin kwandon bisa kanta ya ɗan motsa, ya sake lafawa.

Ƙaltume ta dafe kwandon da hannu biyu. "Ke fa?" ta ce a hankali. "In suka gane..."

"Ni na kasa fita, Inna. Shi ki fitar da shi. Kin ce Allah yana gani."

"Yana gani."

"To ki ce masa ya dube ni anjima."

Ayishetu ta juya ta shiga layin mata, tana ɗan bubbuga goyon tana jijjiga shi.

Hanyar fita ɗaya ce, ta zaure, ta gaban Saje. Ƙaltume ta taho a hankali, wuya a miƙe, kamar mai ɗauke da ruwa cike da tulu. Saje ya matsa mata ta wuce, har ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Inna." Ta ce, "Amin," kuma ba ta taɓa faɗin kalmar da gaske kamar ranar ba. Ayari ya miƙa arewa, ita ta yi gabas. Sau ɗaya ta iya juyawa, da jikinta duka saboda kayan. Ta hango mayafin yana nisa cikin jerin mutane. Ayishetu ba ta waiwayo ba.

Sai da gidajen suka ƙare, ta kai inda hanyar Osu ke bin gaɓar teku, sannan ta roƙi wata mai tallan kifi ta sauke mata. Ta kwance zanen. Mas'udu yana kwance a dunƙule, ya jiƙe da zufa, babban yatsa a baki. Ta tsaya tana kallonsa, godiya da tsoro suna kokawa a ƙirjinta. Ta san inda ayari ke yada zangon farko, da azahar, a gindin itatuwa, inda mata ke kwance goyo su ba da nono. Ta ɗaga kai ta dubi rana, ta riga ta yi sama.

"Ya Yesu, ga ɗaya ka fitar," ta ce. "Ɗayar tana hanya. Ka riga ta isa wurin."

Ta ɗaga yaron ta aza a baya. Hannuwanta sun tsufa, amma ba su manta ɗaurin ba. Tana jan zanen ya farka, ya ga ba bayan da ya sani ba ne, ya sandare ya tsala ihu.

"Mma! Mma!"

Ƙaltume ta ɗaure zanen tamau, ta fuskanci Osu, hawaye yana zuba.

"Na'am," ta ce. "Ga ni."