Kai Fuskar Litiana

Miliakere ta sauko daga jirgin ruwan otal a cikin ayarin Turawa, aka rataya mata sarƙar furanni kamar kowa. Ni na rataya mata. Aikina ke nan a bakin gaɓa, mu yi waƙa mu yi murmushi har kumatu su yi tsami. Tun daga nesa na gane ta duk da ramar da ta yi, amma na bari sai da ta sunkuyar mini da kai.

"Vasiti! Ke ce?"

"A'a, fatalwata ce. Wa ya tsotse ki haka, taubashiya? Ko a Sidni ba a cin rogo?"

Ta yi dariya, dariyar ta koma tari. A bayanta ga wata doguwar budurwa da baƙin tabarau, ita ce 'yarta Litiana, wadda ba ta taɓa taka tsibirinmu ba, yarenmu ma ko gaisuwa ba ta iya ba.

A ɗakin otal Miliakere ta faɗa mini abin da ya kawo ta. Likitoci sun sallame ta, sun ce babu sauran magani. Kafin ta tafi tana so ta kai fuskar 'yarta gidan uban ita Miliakere, kamar yadda kowace mace da ta yi aure a waje take yi. A shimfiɗa kaya gaban babban wan uwar, shi kuma ya ɗora hannu, ya ambaci sunan ɗiyar da bakinsa a gaban dangi. In ba a yi haka ba, Litiana baƙuwa ce a nan har abada, ko kwakwa ɗaya ba ta da ikon tsinka. Kaya kuwa ta yi: tabarmi, bandiran yadi, saiwar yangona mai kauri kamar damtse, irin wadda ake dakawa a dama a sha a taro, har da garwar kananzir, a garin da otal ya ja wa wuta tun tuni. Wanda ya daɗe a waje agogonsa tsayawa yake a ranar da ya tafi.

Babban wan shi ne Usaia. A wurinmu wa da ƙanwa ba sa magana kai tsaye, ba sa haɗa ido, saboda haka ni aka aika. Na same shi yana shafa wa ƙirjinsa man kwakwa, zai sa bantensa na ganye.

"Ta zo jibi bayan abincin rana," in ji shi. "Lokacin dai kowa yana zaure."

Na san su waye kowa. Na kai saƙon yadda aka ba ni, ban ƙara ba ban rage ba. Mu da muka zauna muka ga an kewaye gaɓar da muke tsintar kaguwa da waya, ba mu da ragowar tausayin da za mu raba wa masu dawowa da akwati mai taya.

Ranar ta zo. Miliakere ta sa rigar coci, ta shigo zaure da rarrafe kamar yadda aka koya mana, 'yar tana biye. Sai da ta ɗago ta ga zauren cike yake da Turawa jajaye kamar dafaffiyar kaguwa, kowa da wayarsa a sama. Dangi suna nan kam, amma da kayan aiki: wannan mai jita, wancan mai dama yangona, waccan mai tallar sarƙar wuri. Jagoran Turawan ya sanar da su cewa yau sun taki sa'a, za su ga na gaske.

Ta juyo ta dube ni. Na ɗaga mata kafaɗa. Ba ta da bakin da za ta ce wa wanta ya fitar da su, kuma in ta tashi bayan an shimfiɗa kaya ta zagi gidan ubanta. Ta zauna, ta kafa idonta a tabarma.

Usaia ya ɗora hannu a kan saiwar, ya fara. Muryar nan tasa tana nan, mai sa tsigar jiki tashi, har na ga hawaye na ɗiga a cinyar Miliakere. Amma bakin da ya saba faɗin magana ɗaya safe da yamma ba ya jiran mai shi. Ya bi hanyarsa ta kullum tiryan-tiryan, ya tsaya inda Turawa ke dariya, suka yi, ya ƙarasa. Tafi ya ɓarke, ba irin namu na tafin hannu a dunƙule ba, irin na kallon ƙwallo. Ƙoƙon yangona na farko aka miƙa wa wani tsohon Bature mai gajeren wando, don shi aka naɗa sarkin baƙi na ranar.

A waje Litiana ta rungume uwarta. "Mama, ya yi kyau! Jiya ma da na bi 'yan yawo ya yi mana irinsa, sai dai na jiya har da rawa."

Miliakere ta kama hannuna, yatsunta sanyi ƙalau.

"Vasiti, tafin nan ya hana ni ji. Ya ambaci sunanta?"

Taubashi ba ya yi wa taubashi ƙarya, ko da ta alheri ce.

"Ya ce baƙinmu daga Ostareliya."

"Shi ke nan?"

"Ya ce ku dawo baɗi, ku zo da abokanku."